Kafin ka ce rautarka ta gaji, duba waɗannan tukuna

Kusan duk sati sai an tare ni, ko a bakin masallaci nan Agege ko a WhatsApp, da tambaya iri ɗaya: "Malam wace rauta ce ta fi kyau in saya? Tawa ta gaji." Kuma wallahi yawanci in na je gidan na duba sai in tarar rautar, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, lafiyarta ƙalau, ciwon yana wani waje daban, mutum ya kusa ya kwashi kuɗi masu yawa ya tafi Computer Village ya sayo akwati mai ƙahonni takwas ya dawo gida ya ci gaba da fama da abin da yake fama da shi tun farko. Abin yana damuna, saboda kuɗin nan da gumi ake samunsu a Legas.

Intanet ɗin da ke shigo maka waya ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso. Akwai kamfanin da ke kawo shi, ko ta faiba, wato zaren gilashi da ke ɗauko intanet da haske, irin su ipNX da FiberOne, ko ta sim irin MTN da Airtel da Spectranet, ko ta sama irin Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Akwai akwatin da ke karɓarsa a gidanka. Akwai kebul da waifai da ke rarraba shi ɗaki ɗaki. Sai kuma wutar da dukkansu ke ci, wadda a garin nan ita ce uwar matsaloli. Ko ɗaya daga ciki ya samu tangarɗa, abin da za ka gani a waya iri ɗaya ne, bidiyo yana ta juyawa, shi ya sa mutane suke ɗora wa rauta laifi, ita ce a gaban idonsu.

Don haka aikin farko shi ne ka gano inda ciwon yake, kuma ba ya cin ko sisi. Ɗauko laftof ka jona ta da kebul kai tsaye a bayan rauta, ka kashe waifai ɗin laftof ɗin, ka gwada gudu a Speedtest ko fast.com. In kana biyan gudun megabit 100 kuma kebul ya ba ka 90 da wani abu, to kamfani ya sauke nauyinsa, matsalar a cikin gidanka take. In ko a kebul ɗin ma 12 kake gani, sabuwar rauta ba za ta ƙara maka komai ba, waya za ka ɗauka ka kira su. Sannan ka buɗe taga biyu ta baƙin allon umarni na laftof, wato Command Prompt, ɗaya ka yi ping, wato aika ɗan saƙo a ga ko za a amsa, zuwa adireshin rautarka, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, na Huawei masu sim 192.168.8.1, ɗayar kuma ka yi ping zuwa 8.8.8.8 na Google, ka bar su suna tafiya. Lokacin da intanet ya tsaya ka kalli wacce ta yanke. In ta rauta tana amsawa amma ta waje ta yi shiru, daga ƙofar gidanka zuwa waje ne. In duka biyun suka yanke tare, a gida ne, ko waifai ko kebul ko rautar ta mutu ta sake tashi. Masu faiba kuma ku kalli ɗan akwatin da kamfani ya maƙala a bango, in fitilar da aka rubuta LOS ta yi ja to haske ba ya isowa, ko an yanke zaren a titi wajen haƙar kwata ko wani ya lanƙwasa shi a bayan kujera, wannan ba aikin risetin ba ne, kuma don Allah kar a leƙa bakin zaren da ido.

Ina tuna 14 ga Maris 2024, ranar da manyan kebul na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, netwok ya koma rarrafe. Ranar mutum nawa ne suka kira ni wai rautarsu ta lalace, wani har ya soka mata tsinke ya yi mata risetin ya goge saitin da kamfani ya sa masa, ya ƙara wa kansa kwana biyu na zama ba intanet. Da ya yi gwajin taga biyun nan minti biyu ya ishe shi ya gane abin ba daga ɗakinsa ba ne.

Wasu ruɗani guda biyu da ya kamata a kawar da wuri. Kamfani da megabit yake sayar maka, amma wayarka in tana sauke fayil da megabait take nuna maka, kuma bit 8 ne bait 1, don haka layin 100 iyakarsa 12.5 a wajen saukewa, ba cutarka aka yi ba. Na biyu, 5G da ka gani a ƙarshen sunan waifai ɗin gidanka ba shi ne 5G na MTN da aka ƙaddamar a 2022 ko na Airtel na 2023 ba. Na gidan yana nufin zangon rediyo na 5GHz da waifai ke bi ne kawai, suna ne ya zo ɗaya.

To mu shiga maganar zangon nan, don nan ne gidajen Legas suke ba da wahala. 2.4GHz yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma ba shi da faɗi, tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Yanzu ka ɗauki gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna a Idi-Araba ko Mushin, kowane ɗaki da mifi ko rauta, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci ita ma a wannan zangon take aiki, kamar kasuwar Mile 12 ce da safe kowa yana ɗaga murya ba mai jin wani. 5GHz kuwa fili ne da shi, ga gudu, amma bulo biyu uku sun isa su karya masa ƙarfi, dekin mai rodi a ciki kuwa kusan kashe shi yake yi. Gidajenmu da bulo da siminti da ƙarfe aka gina su, alhali yawancin bidiyon da ake kallo na gwajin rauta a gidajen katako na Amurka aka yi su, shi ya sa abin da suka ce ya rufe gida gaba ɗaya kai ka kawo shi nan ya tsaya a falo.

Akwai wani Alhaji a Ogba, ɗan kasuwa ne, gidansa bene hawa ɗaya, ya sa faiba mai kyau amma kullum faɗa da yara, sama babu sabis. Na shiga falo ina neman rauta ban gan ta ba. Ya ce "tana nan ciki, Hajiya ba ta son ganin wayoyi." Aka buɗe min durowar ƙasan talabijin, ga ta nan kwance a kan dikoda, an rufe ta da ƙofar gilashi, na taɓa ta kamar dutsen guga don zafi, bayanta bangon kicin ne firiza na jingine da shi. A sama kuma, a can ƙuryar ɗakin babban ɗansa, an soka ekstenda, ƙaramar na'urar ƙara wa waifai nisa, a soket tana ta ƙyafta fitila. Na ce "Alhaji wannan ƙaramar wa ya ce a sa ta nan?" Ya ce ai nan ne babu sabis shi ya sa aka kai ta nan. Na gane tunaninsa, kowa ma haka zai yi, amma ekstenda ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta jiyo take maimaitawa, in ka ajiye ta inda sigina ya riga ya mutu to gawar za ta rarraba maka, wayarka ta nuna sanda cike amma ba abin da ke buɗewa. Kuma ko a wuri mai kyau ka sa ta, irin mai rediyo ɗaya tana raba gudun kusan biyu, saboda da baki ɗaya take karɓa take kuma bayarwa.

Alhaji ya riga ya yanke shawarar sayen mesh mai guda uku, wato akwatunan waifai da ake bazawa a gida suna aiki tare, an ce masa shi ne magani. Mesh abu ne mai kyau ban ce ba, suna ɗaya a duk gida, kana tafiya waya tana canja akwati da kanta. Amma in akwatunan ta iska suke magana da juna, to dekin ɗin da ya hana wayarka ji shi ne dai zai hana su jin juna. Na ce masa a ja kebul guda ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ta cikin bututu a bi gefen matakala, a maƙala na'urar rarraba waifai ɗaya, wadda muke ce wa AP, a silin ɗin barandar sama, ita kuma rautar a fito da ita daga durowa a ɗora ta a sama a fili. Da farko bai so ba, wai za a ɓata masa fenti. Da aka gama, ɗakin da ke ba da 3 ya koma yana ba da 90 da ɗoriya, kuma rautar nan dai da ya ce ta gaji ita ce har yau take aiki. Ko mesh ɗin ka riga ka saya, irin su Deco na TP-Link suna karɓar kebul a tsakaninsu, ka jona su ka ga bambanci. In kana so ka auna da kanka, sauke manhajar duba waifai a Android ka zaga gida, lambar da take nunawa da alamar ragi ce, -50 ya yi kyau sosai, zuwa -67 kiran bidiyo zai tafi lafiya, in ka wuce -75 sai haƙuri.

Amma fa kebul suna suka tara, nan nake so a buɗe kunne. Akwai wanda ake ce wa CCA, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a kwali an rubuta Cat6, wato ajin kebul ɗin, da manyan baƙaƙe, ga arha. Yadda ake gane shi ba wuya, ka fere zare ɗaya ka kankare shi da reza, in ciki ya fito fari to alminiyom ne, na gaske ja ne har ciki, kuma kwalin na gaske ya fi nauyi a hannu. Alminiyom yana karyewa in an lanƙwasa shi, ga iskar garin nan mai laima da gishiri musamman wajajen Lekki da Ajah tana cin bakinsa, kuma in ka tura wuta ta cikinsa zafi yake yi, wutar ta ragu kafin ta isa. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da AP ɗin wani ofis yake mutuwa yana tashi duk rana tsaka, na canja AP, na canja suwic, wato akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa, ashe kebul ɗin da mai wayarin ya binne a bango ne. Wanda aka binne kuma cire shi sai an fasa bango, shi ya sa in kana gini ko gyara, nan ne wajen da bai kamata ka yi tsumulmula ba, Cat6 na jan ƙarfe zalla, a cikin bututu, kowane ɗaki aƙalla ɗaya, duk su haɗu a waje guda mai iska. Tsawon kebul ɗaya kar ya wuce mita 100. Cat5e ma yana ɗaukar gigabit, wato megabit 1000, lafiya lau in na kirki ne, Cat6 kuwa har gigabit 10 yana ɗauka a tazarar da ba ta wuce mita 55 ba, don haka mai ce maka sai Cat8 a gidan zama kuɗinka kawai yake so.

In ka ga gudunka ya tsaya cak a 94 ko 95 alhali kana biyan 200, wannan alama ce sananniya. Wani waje a hanyar ya faɗo zuwa 100. Gigabit yana buƙatar duka zare 8 na cikin kebul, 100 kuwa zare 4 sun ishe shi, to in zare ɗaya daga cikin sauran huɗun bai kama ba lokacin da aka matse kan kebul ɗin, na'urorin ba za su yi ƙorafi ba, sai su sauko 100 su yi shiru. Ko kuma rautar ce mai arha da ramukanta duka na 100 ne duk da an rubuta AC1200 a kwali. Kafin ka saya ka juya kwalin ka nemi inda aka rubuta 10/100/1000.

Lambobin kwali ma a yi hattara da su. AX3000 ba yana nufin wayarka za ta samu 3000 ba, sun haɗa 574 na zangon 2.4 da 2402 na zangon 5 ne suka rubuta jimla, kuma waya zango ɗaya take hawa a lokaci guda. Wi-Fi 6 ya fito tun 2019, ya fi Wi-Fi 5 iya riƙe na'urori da yawa a lokaci ɗaya, kuma yanzu farashinsa ya sauko, ni shi nake ba mutane shawara. Wi-Fi 7 da aka fara tantancewa a farkon 2024 yana da kyau, amma in layinka 50 ne ko 100, wayoyin gidan kuma ba su san shi ba, ban ga dalilin sa kuɗi a kansa yanzu ba, gara ka sa su a kebul da batir.

Batir kuwa, mu zo kan wuta. Duk lokacin da aka ɗauke NEPA aka juya zuwa janareto, rauta da akwatin faiba suna mutuwa, kuma kafin su tashi su sake haɗuwa da kamfani minti biyu zuwa biyar sun tafi, in kana tsakiyar mitin ko kana tura kuɗi shi ke nan. Yawan mutuwa da tashi ɗin nan kuma, da hawa da saukar wutar ƙaramin janareto, shi ke gajiyar da adafta. Sau da yawa rautar da ke risetin kanta in mutane sun yi yawa a kanta, adaftarta ce ta yi rauni ba ta iya ba da wutar da ake buƙata, ka canja adafta kawai ta warke. Sai dai ka tabbatar bolt ɗin ya zo daidai, in 12 ce 12, amfiya kuma daidai ko sama da na asali, kar ka ɗauko ta 19 ta laftof don bakinta ya shiga. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin UPS na DC, ɗan akwati mai batirin litiyom da ke fitar da 9 da 12 kai tsaye, ka jona rauta da akwatin faiba a kai su daina sanin an ɗauke wuta. Lissafinsa ba wuya, rautar gida tana cin wajen wat 10, akwatin faiba ƙasa da haka, in ka haɗa su wat 15 to awa 6 na buƙatar wat-awa 90, ka ƙara wani abu a kai saboda asara. Ka duba wat-awa a jikin batirin, kar lambar mAh mai sifili da yawa ta ruɗe ka. Masu Starlink su sani babban farantin yana cin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, wannan sai inbata ko babban batir, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na Yuni da Yuli yana rage masa gudu na ɗan lokaci.

Damina kuma tana zuwa da tsawa. Kebul ɗin jan ƙarfe da aka ja a sarari daga babban gida zuwa ɗakunan baya ko ɗakin maigadi hanya ce ta shigowar tsawa, na ga suwic da duka ramukansa suka ƙone dare ɗaya, har da talabijin ɗin da ke jone da shi. Tsakanin gini da gini in da hali a sa faiba, gilashi ne ba ya ɗaukar wuta, in ba hali a sa na'urar kariya a bakin kebul ɗin kuma a tabbatar gidan yana da atin na gaske da aka binne a ƙasa.

PoE, wato tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet, shi ke sa ka maƙala AP a silin ba tare da soket ba, kuma daɗinsa a nan shi ne suwic ɗaya za ka sa a kan inbata duk gidan ya rayu har kyamarori. Mizanin PoE da ake ce wa af yana ba da wat 15.4, at yana ba da 30, bt ya fi haka, kuma waɗannan sai sun tambayi na'ura kafin su sakar mata wuta. Akwai kuma wanda ba ya tambaya, yawanci mai bolt 24, da wasu kayan MikroTik da tsofaffin Ubiquiti suke amfani da shi, shi da ka soka ya saki. Kar ka haɗa injekta, wato ɗan akwatin da ke zuba wuta a kebul, da na'ura sai ka karanta jikinsu duka biyun.

Wanne za a saya in an tashi hawa mataki na gaba? Ni ga yadda nake kallonsu. MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya ne, kuɗinsa da sauƙi kuma ba abin da ba ya yi, raba gudu, haɗa layi biyu, tikitin waifai na masu shago, amma saitinsa sai wanda ya zauna ya koya, in ba za ka koya ba kuma ba ka da mai zuwa maka, zai zame maka kaya. UniFi na Ubiquiti ya fi daɗin sarrafawa, komai a allo ɗaya, sai dai tsada kuma da dala farashinsa ke tafiya. Omada na TP-Link yana tsakiya, kuma shi na fi sa wa gidaje da ƙananan ofisoshi. Mai ɗaki biyu da falo kuwa rauta ɗaya ta Wi-Fi 6 a tsakiyar gida ta wadatar. Abin da ya fi amfani ga mai aiki daga gida shi ne rautar da ke karɓar layi biyu, faiba da sim, ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka, don yanke faiba a titunan Legas ba baƙon abu ba ne.

In ka jona sabuwar rautarka a bayan ta kamfani, ka zama kana da masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowa yana raba nasa adireshin, firinta tana gefe guda laftof tana ɗaya gefen ba sa ganin juna, masu wasan PlayStation suna kuka. Ko ka roƙi kamfani su mayar da tasu birij, wato gada kawai, ko ka mayar da taka AP. Masu son kallon kyamarar gida daga Kano ko Sakkwato kuma su duba adireshin da rauta ta samu daga waje, in ya fara da 100.64 har zuwa 100.127 to kana bayan CGNAT, kai da mutane da yawa kuke raba adireshi ɗaya, duk buɗe ƙofar da za ka yi a rauta ba zai yi aiki ba. Layukan sim da Starlink yawanci haka suke. Sai ka nemi adireshi naka na kanka a wajen kamfani, ko ka bi ta manhajar kyamarar, ko manhajar haɗa na'urorinka daga nesa irin su Tailscale.

Akwai kuma wanda gudunsa lafiya amma da yara sun fara ɗora bidiyo ko waya ta fara tura hotuna Google Photos sai kiran Zoom ya dinga yankewa. Layin fita ne ya cika, ƙananan saƙonni suna bin dogon layi a bayan manya. Ka nemi SQM, wato mai tsara layin saƙonni, a saitin rauta, manhajar rauta ta OpenWrt tana da shi, RouterOS 7 na MikroTik ma yana da irinsa mai suna CAKE, ka sa iyaka wajen kashi 90 cikin 100 na gudun da kake samu da gaske, za ka rasa kaɗan a lamba amma kira zai daina sarƙewa.

Tsaro kuma ba na wasa da shi. Ka canja kalmar sirrin shiga saitin rauta daga admin, ka kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ba tare da kalmar sirri ba, ka sa makullin waifai na WPA2 ko WPA3, ka dinga sabunta manhajar cikinta, a 2018 an samu ɓaraka a WinBox, hanyar shiga saitin MikroTik, kamfanin ya toshe ta da wuri amma waɗanda ba su sabunta ba aka yi ta shiga nasu. Kuma mu mutanen zumunci ne, baƙo daga gida ya sauka ko maƙwabci ya roƙa ba ka iya hanawa, ga shi tun Android 10 waya tana nuna kalmar sirri da lambar QR, ka ba mutum ɗaya kafin sati layi guda sun hau. Ka buɗe waifai na baƙi daban da sunansa daban, ka sa masa iyakar gudu kamar 5, ka hana shi ganin kyamara da kwamfutocin gida, shi za ka dinga bayarwa kana canja kalmarsa duk wata, na iyali kuma ya tsaya a wayoyin 'yan gida.